Daga Huhun Goro Zuwa Kujerar Shago: Tarihin Gumi da Ƙiba a Zangon Lome

Jama'ar Be da sauran unguwannin Lome, duk wanda ya duba tsofaffin hotunan kakanninmu zai lura da abu guda: da wuya a ga mai teɓa a cikinsu. Dalilin haka yana cikin tarihin zuwanmu wannan gari.

Sunan zango kansa daga fatauci ya samo asali, wato masaukin ayari. Fataken goro kan bar Kano su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, madugu na jan ragama, jakai na gaba, 'yan alaro na biye da huhun goro a ka. Guzurinsu bai wuce gari da fura da ƙuliƙuli ba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawa suka bazu zuwa Kete Karaci da garuruwan bakin teku. Jamusawa suka mai da Lome hedikwatar Togo a 1897, suka gina gadar sauke kayan jirgin ruwa a 1904, jirgin ƙasa ya kai Aneho a 1905, ya kai Kpalime a 1907. Jirgi ya rage tafiyar ƙafa, amma dako bai mutu ba: buhu da tsumagiyar fata da rabin sa daga mahauta, duk a kafaɗa ake ɗaukar su.

Masana na auna ƙarfin da jiki ke ƙonawa da ma'aunin kalori. Magidanci mai wuni a zaune yakan ƙona tsakanin 2,000 da 2,500 a rana, mai dako ko noma da fartanya kuwa yakan haura 3,500. Tun 1953 likita Jeri Moris ya nuna cewa kwandastocin bas na Landan, masu hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobinsu da ke zaune.

Sai dai gumi kaɗai ba ya rage ƙiba. Aiki mai nauyi yana buɗe ciki, kuma jiki yana da dabarar tsimi. Binciken da Haman Fonza da abokansa suka wallafa a 2012 kan mafarautan Hadza na Tanzaniya ya gano cewa, in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai zarce na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Ke nan siririn jikin bafatake abu biyu ne suka haifar da shi: nauyin kaya da ƙarancin akushi.

Dukkan biyun sun sauya a kan idonmu. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a gabashin Be a 1968, injina suka soma karɓe aikin kafaɗa. A 1977 aka rushe tsohon zango na tsakiyar gari, aka tura jama'a arewa wajen Aguwe, nisan kasuwa ya sa kowa ya koma mota. Shekarun 1990 suka kawo baburan zemijan, har tafiyar da yaro ke yi da ƙafa sai an hau. Jikan ɗan alaro ya zama mai shago, yana wuni a kujera. Amma malmalar tuwo da akume ba ta ragu ba, ta ma samu rakiyar shinkafa da wake mai ninƙaya a mai, da shayi mai madara da lemon kwalba. Daga nan hawan jini da ciwon suga suka samu ƙofar shiga gidajenmu.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu mun gaji zomon, mun bar gudun. Wanda har yau yake dako, ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa, ya kula da bayansa. Wanda ya ajiye kaya kuwa, ya rage loma daidai da aikinsa, ya taka da ƙafa zuwa kasuwa in da hali, ya kuma riƙa auna jininsa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu lafiya mai amfani.