Akuyar Adar ba ta zaman turke

Yaran da ake turo mana yanzu daga makarantun kiwo, da kwamfuta a jaka, magana ɗaya ce a bakinsu: a killace akuya, a kewaye ta da waya, a auna mata dusa da harawa. Wani cikinsu ya zo gaishe ni bayan na ajiye aiki, ya tarar da wata uwar garke ta ɗare gefen rumbu tana jan bunu a ɗan gidan gonata da ke hanyar Barmu. Ya ce, "Baba, ai waɗannan ba su da horo." Na ce, "Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna."

Lokacin da na kama aiki, kowace unguwa a Tawa tana da makiyayinta. Da sassafe mata su kwance turke, awaki su bi lungu da kansu zuwa inda ake taruwa, a kora su fako da gindin duwatsu. Da magariba su shigo da ƙura, kowace ta ware ta nufi ƙofar gidansu ba mai nuna mata. Da hatsi ake biyan makiyayi, a auna masa da tiya. Abin da ba mu taɓa sa wa a rahotonmu ba shi ne, wannan makiyayin ne likitan farko, mu na biyu.

Wani tsohon Buzu da ke kora garken unguwarmu shi ya koya mini aikin, ba takarda ba. Ranar allura ba ya duban mai yawan kuka. Wadda ta daina shisshigi yake nema. Akuya mai lafiya sai ta sa baki a aljihunka, ta sunsuna akwatin allura, ta tauna igiyar takalminka. Wadda ta tsaya gefe tana kallonka da ladabi, ita zai kamo ya ce, "Malam, fara da wannan." Kafin in zaro ma'aunin zafi ya riga ya san amsa. Bakin awakin kuma shi ne kalandarsa: in ya ga sun koma wa anza da busasshen ganyen tumfafiya, sai ya bi gida gida yana gaya wa mata su fitar da bunsuru kasuwar Lahadi tun kuɗinsa bai faɗi ba.

A 1984 aka ga amfanin wannan hali. Shanu suka zube a hanyar Abalak da Cintabaradan, don saniya ciyawa kawai ta sani. Akuya ta miƙe da ƙafa biyu ta kama aduwa da magarya, ta tsinci 'ya'yan gawo, ta ci kwali in ta samu. Mazan Adar suna Abijan wajen bida, mata suka riƙe gidaje da awaki: a tatsi wannan, a kai waccan Badagishiri a dawo da hatsi. Cikin wannan shekarar aka fara aikin raya ƙasa na Keita, aka shiga dashen itatuwa, daga nan sunan akuya ya ƙara ɓaci a bakin masana. Ban musa ba, tana cin dashe, ta ci nawa ma. Amma manyan itatuwan da na sani a kwarin nan gatari ya kayar da su, kuma ban taɓa ganin akuya da gatari ba.

Kada in tsallake maganar jar akuya. Tun 1963 aka buɗe mata cibiya a Maraɗi, kuma ta cancanta: ga tagwaye, ga fatar da Turai ke rububi. Sai dai 'yar gida ce mai gajerun ƙafafu. An sha kawo mana bunsuranta nan arewa a raba wa mata, ba a tambayi ko za su iya tafiyar yini da tamu mai dogayen ƙafafu take yi kan tsakuwa ba. Mu da muka yi magana aka ce ba ma son ci gaba.

Garken unguwa kuwa ba wanda ya soke shi da takarda. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, gonaki suka tsallake ta, suka haɗiye burtali. Gari ya faɗaɗa, aka yi gini a kan hanyar da awaki ke bi. Makiyayi ya rasa ta inda zai fita da su, ya bar sana'ar. Shisshigin nan bai bar akuya ba, wurin yinsa ne ya koma bola. An hana leda da doka tun 2014, amma je ka mahauta da safe ka ga dunƙulen da ake zarowa daga tumbi. Akuya na ramewa, ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ya duba littafinsa ya rubuta maganin tsutsa, mai ita ta biya, bayan sati biyu ta dawo ya sake rubuta mata wani.