Doktan da BBC ta goge, aka tsinto shi a Jos

Yau tarihin namu zai kai mu Ingila, amma zai biyo da mu ta Jos, wannan Jos ɗin dai da direbobinmu na Maraɗi suka sani, wadda ake bi ta Katsina da Kano a isa. A can ne, a watan Oktoba na 2013, aka ba da labarin an tsinci gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar telebijin, sun sha ƙura, kuma a cikinsu akwai kashi 9 na wani shirin BBC da ita kanta BBC ɗin ta fid da rai da su shekara da shekaru. Shirin shi ne Doctor Who. Mutumin da ke ciki kuwa sunansa Patrick Troughton.

Da yawanmu a nan ba mu tashi da shirin ba, don haka bari in ɗan share fage. An fara nuna shi ran 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaba Kennedy na Amurka. Labarin wani baƙon tsoho ne da ba a san sunansa ba, Dokta kawai ake ce masa, ba ɗan wannan duniyar ba ne. Yana da jirgi mai suna TARDIS, daga waje kamar 'yar rumfar wayar 'yan sanda, ciki kuwa faɗi gare shi kamar zauren sarki, yana kai shi duk zamanin da ya ga dama, baya ko gaba. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dokta, tsoho mai farin gashi da saurin fushi, kuma yara sun so shi.

To, zuwa 1966 lafiyar Hartnell ta fara gazawa. Ciwon jijiyoyin jini ya kama shi, haddar magana ta yi masa wuya, ga kuma rashin jituwa da sababbin masu shirin. A al'ada, in babban ɗan wasa ya tafi, ko dai a rufe shiri, ko a nemo mai kama da shi a yi kamar ba a ga komai ba. Mai shirya shirin Innes Lloyd da mai kula da labari Gerry Davis suka zo da wata dabara ta daban. Suka ce tunda Dokta ba ɗan Adam ba ne, me zai hana in jikinsa ya gaji ya sake wani? Ran 29 ga Oktoba 1966, a ƙarshen labarin The Tenth Planet, tsohon ya faɗi a cikin jirginsa, fuskarsa ta yi haske, da hasken ya dushe sai ga wata fuskar.

Yau wannan ya zama ruwan dare a shirin, an sake Dokta sau fiye da goma. Amma a lokacin caca ce. Ba wanda ya taɓa yi, kuma da 'yan kallo sun ƙi sabon, da shi ke nan an naɗe tabarma.

Troughton ɗan Landan ne, an haife shi a 1920, ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, kuma shi ne ya fara fitowa a matsayin Robin Hood a telebijin, a 1953. Irin 'yan wasan nan ne da ke ɓacewa a cikin rawar da aka ba su, ka gan su sau goma ba ka riƙe sunansu ba. Shi kansa ya yi ɗari-ɗari da aikin, yana tsoron kada a maƙala masa fuska ɗaya har abada. Daga ƙarshe aka tsaya kan siffar wani ɗan yawon duniya marar galihu: ƙatuwar kwat da ta fi shi girma, wando mai zane kamar na aro, gashi a hargitse, da 'yar sarewa a aljihu da yake busawa in yana tunani.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne bai yi ƙoƙarin kwaikwayon Hartnell ba ko kaɗan. Na farko yana shiga wuri ya nuna shi ne babba. Wannan kuwa yana shiga ya nuna kamar shi ne wawan ɗakin. Ya firgita, ya ruga da gudu, ya yi tambayar da za a yi masa dariya, alhali duk ya gama auna kowa. Abokan gaba su raina shi har sai sun ga sun faɗa ramin da ya haƙa. Idan ka lura da shi a cikin taro, sau da yawa yana gefe, ba ya cewa komai, idonsa ne ke aiki.

Masu shirin ma sun yi wayo a labarinsa na farko, The Power of the Daleks, wanda aka fara ran 5 ga Nuwamba 1966. Sun san mai kallo na shakka, sai suka sa shakkar a bakin Ben, ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa, ya yi ta cewa wannan fa ba Dokta ba ne. Wa ya raba gardama? Dalek, wato halittar nan mai zama cikin sulken ƙarfe wadda ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ita ta dube shi ta gane shi. In maƙiyinka ya shaide ka, ai masoyi ba shi da ta cewa.

Daga nan sai aiki ba ji ba gani. Shekara ukun da ya yi, kusan kullum Asabar akwai sabon kashi, sama da 40 a wasu shekarun, wani lokaci ana ɗauka saura mako guda a nuna. Kuɗi kaɗan ne, ɗakin ɗauka ƙarami, hoto baƙi da fari. Wannan talaucin shi ya haifar da salon zamaninsa: mutane kaɗan a kulle a wuri ɗaya, tashar bincike a duniyar wata, ko gidan ibada a tsaunukan Tibet, ko matatar iskar gas a bakin teku, ga dodo yana neman hanyar shiga. Ɗaki ɗaya mai kyau ya ishi kashi shida. Gaskiya wani lokaci abin yana maimaituwa har ya gundura, amma in ya yi daɗi, ya yi. A nan aka kafa Cybermen, mutanen da suka mai da jikinsu ƙarfe har tausayi ya fita daga zuciyarsu, aka kawo Ice Warriors na duniyar Mars, da Yeti. Kusa da shi kuma kullum akwai Jamie, wani saurayi mai busa daga Sikotland ta 1746, wanda Frazer Hines ya fito a matsayinsa. In ban da labarin farko, yana cikin duk labaran Troughton, kuma raha tsakanin su biyun ita ce rabin daɗin shirin.

Gajiya ce ta kore shi. A 1969 ya ce ya isa. Labarinsa na ƙarshe, The War Games, kashi 10 ne, kuma a ciki ne aka fara bayyana mutanensa, Time Lords, waɗanda ya gudu daga wurinsu. Suka kama shi suka gurfanar da shi bisa laifin tsoma baki cikin al'amuran wasu duniyoyi. Hukuncin: a tsare shi a duniyarmu, a canza masa fuska ko yana so ko ba ya so. Jamie da Zoe kuwa aka mai da kowa zamaninsa, aka goge musu tunanin tafiye-tafiyen da suka yi da shi, aka bar musu haɗuwar farko kawai. An nuna wannan ran 21 ga Yuni 1969. Jimilla labari 21, kashi 119. Da shirin ya dawo a Janairun 1970, mai launi ne, kuma Jon Pertwee ne Dokta.

Abin da aka yi wa Jamie a labari, shi BBC ta yi wa Troughton a zahiri.

Kada a ɗauka mugunta ce. Faifan bidiyo na wancan zamani, mai faɗin inci biyu, tsada gare shi, don haka in an nuna shiri sai a goge a ɗora wani. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita sake nuna tsohon shiri. Ba bidiyon gida, ba wanda ya yi mafarkin intanet. Da telebijin mai launi ya zo, aka ga baƙi da fari ba shi da sauran kasuwa. Kwafin da aka juye kan fim mai milimita 16 don sayarwa ƙasashen waje ma, daga 1972 aka shiga zubar da su don a samu wurin ajiya. Sai a 1978 aka tsaida ɓarnar. Kafin nan ta gama da zamanin Troughton fiye da na kowa. Labarin farkon nan da na ba ku, wanda ya ceci shirin, ko kashi ɗaya cikin shidansa bai tsira ba. Hatta kashin da Hartnell ya rikiɗa ya koma Troughton babu shi, sai ɗan guntun wurin rikiɗar.

Abin da ya rage shi ne murya. Wasu yara da matasa a Ingila suna ajiye rikoda kusa da telebijin ran Asabar suna ɗauka, su hana kowa tari a ɗaki. Da irin waɗannan faifan aka samu sautin kowane kashi da ya ɓata. Ga kuma wani mai hoto, John Cura, da ake biya ya riƙa ɗaukar allon telebijin hoto bayan hoto. Shekaru da yawa masoya shirin haka suka san Troughton: sauti a kunne, hotuna tsayayyu a gaba. Ga ɗan wasan da rabin gwanintarsa a ido da motsin fuska take, kun ga an yi asara.

Yanzu ga inda Najeriya ta shigo. BBC tana sayar da shirin ga ƙasashe da dama, kuma ba ta aika wa kowa sabon kwafi. Tasha ta nuna, ta miƙa wa ta gaba, ita ma ta miƙa, gwangwani ɗaya ya zaga rabin duniya. Ta ƙarshe a layi ita ce za ta mayar Landan ko ta lalata. Ba kowa ya bi wannan umarni ba, kuma Allah Ya sa haka. Tun a tsakiyar shekarun 1980 an samo wasu labaran Hartnell a Najeriya. A farkon 1992 labarin The Tomb of the Cybermen ya dawo cikakke daga Hong Kong. Sannan wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya bi sawun takardun jigila har ya kai Jos. Ya ce yana duba kanta sai ya hango 'yar takardar liƙi a jikin gwangwani an rubuta Doctor Who. Su ma ta Hong Kong suka biyo. Fim ba ya son zafi, kuma ni ina ganin sanyin tudun Jos ya taimaka, don da a wani ɗakin kwano suke a irin zafinmu na watan Afrilu, ban san me za a tarar ba.

Labari biyu ne a ciki. Na farko The Enemy of the World, na ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968. Kafin Jos kashi na uku kaɗai ake da shi, wanda kusan ba abin da ke faruwa a ciki sai zaman baranda da surutun wani kuku, shi ya sa aka daɗe ana yi wa labarin kallon marar armashi. Da aka ga sauran biyar ɗin sai ra'ayi ya juya. Babu dodo a ciki. Troughton ya fito mutum biyu, Dokta da kuma Salamander, wani mai neman mulkin duniya a shekarar 2018, wanda ake yabo saboda ya wadata jama'a da abinci, alhali shi ke haddasa girgizar ƙasa da aman wuta a asirce, sannan ya fito ya yi hasashensu don a ce mai ceto ne. Masu yi masa aikin kuwa wasu mutane ne da ya kulle a ƙarƙashin ƙasa shekaru, ya ce musu yaƙin nukiliya ya cinye sama. Akwai wurin da Troughton ke wasan Dokta yana kwaikwayon Salamander, kana gani ka san wanene a ƙarƙashin wane. Wannan ba a jin sa a faifan murya.

Na biyu shi ne The Web of Fear na 1968, inda Yeti suka mamaye ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. An samu kashi huɗu da babu su a da. Da wannan tsintuwa yawan ɓatattun kashi na shirin gaba ɗaya ya sauko daga 106 zuwa 97, kuma 53 daga ciki na Troughton ne.

Shi bai ga ko ɗaya ba. Ya dawo shirin a matsayin baƙo sau uku, na ƙarshe a 1985, ya kuma shawarci Peter Davison, Dokta na biyar, da kada ya wuce shekara uku. Ya rasu ran 28 ga Maris 1987 a garin Columbus na jihar Jojiya ta Amurka, inda ya je taron masoya irin waɗannan finafinai, zuciya ce ta buga. Matt Smith, da aka ba shi rawar Dokta, ya ce labarin nan da ya dawo daga Hong Kong ne ya kalla ya gane yadda zai yi nasa.

Saura kashi na uku na The Web of Fear. Shi ne wanda aka fara ganin Kanal Lethbridge-Stewart, sojan da Nicholas Courtney ya fito a matsayinsa, wanda daga baya ya zama Birgediya kuma babban aminin Dokta na shekaru masu yawa. A 2015 Morris ya faɗa a bainar jama'a cewa ranar da ya shiga ɗakin nan na Jos, kashin yana kan kanta tare da 'yan uwansa. Kafin a gama maganar kwaso su, gwangwanin ya yi ƙafa.