Asalin Kalma: Lord

Wanda ya san labarin Gwamna Lugga ya san kalmar "Lord". Tushenta tsohon Turancin Ingila ne, "hlafweard", wato mai tsaron burodi, maigidan da ake ci daga hannunsa. A hankali ta tashi daga rumbu ta shiga fada, ta zama sarautar gado. A coci ma da ita suke kiran Ubangiji.

A Ingila, wata doka ta 1958 ta buɗe ƙofar sarautar da ba a gado, wadda ke bin mai ita kabari. Ni ita ta fi kwanta mini, don mutum kan same ta da guminsa. Irinta aka naɗa wa Richard Luce a 2000, bayan ya yi minista da gwamnan Jibralta, daga nan kuma ya shugabanci fadar Sarauniya Elizabeth har 2006.