Gidan Gwamnati da Gidan Talaka a Kafanchan

Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Da layukan dogo suka haɗu a Kafanchan a 1927, Turawa suka gina wa ma'aikatan reluwe kwatas, kakanninmu 'yan kasuwa kuwa suka kwaɓa ƙasa suka ɗora jinka da hannunsu. Tun daga ranar gidan gwamnati ya zama na mai albashi.

A 1979 jam'iyyar NPN ta zo da alamar gida da masara, Shagari ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi. To amma mai tebur a kasuwa, ina zai samo takardar albashi? Abin da ya taɓa talaka kai tsaye shi ne soke haraji da jangali da Gwamna Balarabe Musa ya yi. Kuɗin ya zauna a aljihu, ya zama bulo da kwano.

Bayan rikicin 2011 da ya ci kasuwa da gidaje, da adashi da taimakon dangi muka sake gini. Yau KADGIS na ba da takardar mallakar fili. Jama'a, mu nema, domin gidan gado marar takarda kamar aro yake. Allah Ya sa mu dace.