Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Na'urar Zuƙe Miki: Tarihin Jinyar Gyambo A Ƙasarmu

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin ƙasar Kazaure, abin da aka saba ji shi ne labarin Ɗantunku da yadda ya kafa masarauta a wajajen 1819, da ɗansa Dambo, da sarakunan da suka biyo bayansu. Wannan tarihi ne mai daraja, ba mai musu. Amma akwai wani tarihin da maroƙa ba sa waƙe shi, wato na cututtukan da suka ci kakanninmu da dabarun da suka yi ta yi don su rabu da su. A bana na ga ya dace in ɗauko guda ɗaya daga ciki, gyambo, domin 'yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko su ne ake bugo wa waya idan ƙafar wani dattijo ta ƙi warkewa a gida.

Yaran yanzu ba su san gyambo yadda muka san shi ba. A da, daga Roni zuwa Gwiwa har Babura ta bakin iyaka, da wuya ka shiga aji ba ka ga yaro biyu ko uku da tsumma ɗaure a ƙwauri ba, ƙudaje na binsu. Mafarinsa ba wani abu ba ne: ƙaya ta soki yaro wurin kiwo, ko tuntuɓe a kan duwatsun nan namu, ko fartanya ta goce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Datti da ƙarancin abinci mai gina jiki su haɗu, ƙaramin rauni ya buɗe ya zama rami mai wari, ya yi shekara yana cin nama. Ga kuma kurkunu, mai zuwa daidai da damina, ya kwantar da magidanci a lokacin da gonarsa ta fi bukatarsa. Ga kuturta, wadda ke kashe jin zafi a tafin ƙafa har mutum ya taka garwashi bai sani ba.

Masu jinya a wancan zamani su ne wanzamai da masu magani da tsofaffin mata. Idan ƙari ya nuna, a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita. A wanke miki da ruwan ɗumi, a barbaɗa masa garin bagaruwa, wani kuma a shafa masa zuma. Kada mai karatu ya yi saurin yi musu dariya. A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya buga sakamakon jinyar mutum 59 masu mikin da ya gagari magani, waɗanda ya yi wa aiki da zuma zalla, kusan dukansu kuma suka samu sauƙi. Sai dai ba duk abin da aka gada ne alheri ba. Masu toshe miki da ƙasa ko kashin shanu sun jawo wa mutane da yawa sandarewar wuya da mutuwa.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin kayan wanzami shi ne ƙaho. Yakan ɗora shi a kan fata, ya zuƙe iskar ciki da bakinsa ta ƙaramar kafa, ya toshe, ƙahon ya kama. Bayan ya yi 'yan tsage-tsage da aska sai ya sake kafawa, jini ya taru a ciki. Aiki ne da ya samu gindin zama a Sunna, shi ya sa har gobe bai mutu ba. Wanzami bai karanta kimiyya ba, amma hannunsa ya san cewa idan aka rage iska a rufaffen wuri, jiki zai tunkuɗo abin da ke cikinsa zuwa wurin.

Zuwan Turawa ya kawo asibitin birnin Kano, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala, da ɗakunan shan magani na En'e a manyan garuruwa. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka zauna a Roni, su ne kuma aka damƙa wa asibitocin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina a ƙarshen shekarun 1930. Daga nan aka shiga zamanin aidin da shuɗin maganin nan da ake kira Jibi, da auduga da bandeji, daga baya kuma allurar fenisilin. Takalmi da rijiyoyin burtsatse su ma sun yi aikin da likita bai yi ba. Kurkunu, wanda aka ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya a binciken da aka fara a 1988, an ga na ƙarshensa a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

To amma gyambo bai tafi ba, riga ya sake. Ya bar ƙwaurin yara ya koma ƙafar dattawa masu ciwon suga, da matasan da babur ya kayar a hanyar Kano zuwa Daura, da masu sikila, da bayan tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata da watanni. Irin wannan miki shi ne mai cinye dukiya. Kullum sai an ɗauki majinyaci zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura wankin ciwo, ko a kwantar da shi a Kano, mai jinya ya bar sana'arsa ya tare a gindin gado. Ƙarshenta sau da yawa likita ya ce sai an yanke ƙafa.

A nan ne labarin ya sake komawa ga zuƙo. Likitocin Rasha sun gwada zuƙe miki da inji a shekarun 1980, wani likita a Jamus, Wilhelm Fleischmann, ya rubuta nasa gwajin a 1993. Amma waɗanda suka fito da dabarar fili su ne Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest a Amurka. Na'urarsu mai suna V.A.C. ta shiga kasuwa a 1995, suka buga bincikensu a 1997. Yadda take aiki ba wuya a gane shi. Bayan an kankare ruɓaɓɓen nama, sai a yanka wani soso na musamman daidai faɗin mikin a cusa, a rufe da leda mai manne wa fata yadda iska ba za ta shiga ba. A jona siririyar mesa zuwa ƙaramin famfo mai gwangwanin tara ruwa. Famfon ya yi ta zuƙa dare da rana, galibi a kan 125 da irin ma'aunin da ake auna hawan jini. Ruwan miki na fita, kumburi na saɓewa, bakin ciwon na matsowa, jan nama sabo na tsirowa daga ƙasa. Sai bayan kwana biyu ko uku ake sauya soson. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga gwajin da aka yi a kan masu ciwon suga 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa: kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'urar sun warke, sauran kuwa kashi 39.

Ban ce ƙaho ne ya haifi wannan na'ura ba. Wanzami lafiyayyar fata yake tsagawa na ɗan lokaci, ita kuwa buɗaɗɗen miki take riƙewa makonni. Dangantakarsu ta hikima ce, ba ta jini ba.

Na'urorin farko manya ne, sai a gadon asibiti. Sannu a hankali aka ƙanƙanta su har majinyaci ya iya rataya tasa a kafaɗa ya koma gida. A 2011 kamfanin Smith & Nephew na Ingila ya fito da PICO, wadda ke shiga aljihun riga, tana aiki da ƙananan batura biyu har kwana bakwai, sannan a yar. Akwai kuma SNaP da ba ta bukatar lantarki sam, wani ƙarfe mai naɗewa ne a cikinta yake ja. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, wata ɗalibar injiniya daga MIT, Danielle Zurovcik, ta je da famfon roba mai kama da zugazugin maƙera, wanda ake matsawa da hannu, kuɗinsa bai wuce dala uku ba. A ganina wannan ne ya fi kusa da halin ƙauyukanmu, inda wuta ba ta da alkawari.

Yanzu ga inda nake son 'yan uwa na birni su buɗe kunne. Na san halinmu: da mutum ya ji labarin sabon abu, ƙaunar iyaye sai ta sa ya saya ta intanet ya ba direban mota ya kai gida. Wannan na'ura ba ta yin haka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011 cewa tun daga 2007 ta samu rahoton mutuwar mutum 12 da raunata 174, akasarin mutuwar kuma zubar jini ne, a gida ko a gidajen kula da tsofaffi. Ba a sa ta a kan mataccen nama, ko ƙashin da ya kamu ba a yi masa magani ba, ko mikin daji, ko inda jijiyar jini ta fito fili. Mai shan maganin tsinka jini sai da sa ido sosai. Idan famfo ya tsaya fiye da awa biyu, dole a cire soson, in ba haka ba ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Ƙafar da jini ba ya isa gare ta kuwa, ko sukarin da ba a daidaita ba, babu zuƙon da zai gyara su.

Saboda haka likitan tiyata ne zai duba ya ce wannan miki ya dace, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, sannan a samu ma'aikacin jinya kusa da gida da ya iya sauya soson ya kuma san alamun haɗari. Shi ne abin da muka rasa, ba inji ba. Idan ƙungiya za ta sa hannu, shawarata ita ce ta ɗauki nauyin horar da ma'aikatan jinya biyu biyu daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a kan kula da miki, ta tanadar musu babur da kayan aiki da ƙaramar sola ta cajin batir, sannan a yi maganar sayen na'ura a taron shekara mai zuwa.