Lasin Farauta: Tarihin Bambanci Tsakanin Mazauni da Baƙo

1.0 Gabatarwa

Kalmar lasin, ko lasisi kamar yadda wasu ke faɗa, baƙuwa ce a Hausa. Ta shigo ne tare da mulkin Turawa, kuma ma'anarta ita ce takardar izini da hukuma ke bayarwa bayan an biya kuɗi. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda wannan izini ya shiga harkar farauta a Arewacin Nijeriya da Nijar, da kuma dalilin da ya sa tun farko aka yanka wa mazauni farashi daban, baƙo daban. Za a leƙa Gabon saboda ta gaji doka ɗaya da Nijar, a kuma leƙa Kenya da Amurka domin kwatance. Abin da ya kamata ɗalibi ya sa wa ido shi ne ma'anar kalmar mazauni, domin ba koyaushe take nufin ɗan ƙasa ba.

2.0 Kafin Zuwan Takarda

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ma ya siffanta Barbushe da cewa gawurtaccen mafarauci ne mai kashe giwa da sanda. Amma kuskure ne a ɗauka cewa daji a wancan zamani ba shi da mai shi. Akwai Sarkin Baka da Sarkin Dawa, kuma su ne ke sanya ranar fita farautar gayya, wadda akan yi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Maharbin da ya zo daga wata ƙasa ba ya faɗa wa daji kai tsaye. Yakan sauka wajen shugaban maharban yankin, ya yi gaisuwa, a nuna masa inda zai shiga da inda ba a shiga. Idan ya kashe babban nama, akwai kason mai gari. Ke nan bambancin ɗan gida da baƙo ya girmi Turawa. Sai dai a wancan tsari ɗan gida shi ne mai ba da izini, kuma abin da baƙo ke biya nama ne da girmamawa.

3.0 Yarjejeniyar Landan da Farashin Izini

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari, kuma dukansu a Turai aka ƙulla su. Na farko shi ne yarjejeniyar Burasels ta 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu bindigar toka. Na biyu shi ne taron Landan na watan Mayu 1900, inda Ingila da Faransa da Jamus da wasu ƙasashe masu mulkin mallaka suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Yarjejeniyar ba ta taɓa fara aiki a hukumance ba, amma daga cikinta aka ɗebo yawancin dokokin da suka biyo baya. Ta nemi kada kowa ya yi farauta sai da lasin, a sanya lokacin rufe daji, a taƙaita amfani da raga da ramin tarko, a kuma hana kashe 'ya'yan giwa, har ta ce a ƙwace duk hauren da bai kai kilo 5 ba. Wani abin mamaki ga mai karatu na yau shi ne ta sa zaki da damisa da kura da kada cikin jerin dabbobi masu ɓarna waɗanda ake so a rage yawansu.

A Kenya ne aka fi ganin yadda farashin ya kasance, domin can ne masu kuɗin Turai da Amurka suka fi zuwa harbi. A 1909, shekarar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farauta can, lasin baƙo fam 50 ne, na mazauni kuwa fam 10. Domin a gane nauyin wannan kuɗi, a daidai wannan lokaci leburan da ke aikin hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano nai yake samu a yini, wato kwabo 9. Da zai tara ladansa bai ci ko anini ba, sai ya yi kwana 267 kafin ya haɗa kuɗin lasin mazauni, ya kuma haura shekara uku da rabi kafin ya haɗa na baƙo.

To, wane ne wannan mazauni? Baturen da ke zaune a ƙasar ne, ma'aikacin gwamnati ko soja ko mai gandu. An sauƙaƙa masa ne bisa hujjar cewa yana yi wa ƙasa aiki, kuma yana bukatar nama idan ya fita rangadi. Baƙo kuwa an ɗauka nishaɗi ya kawo shi, zai kwashi haure da fata ya tafi, don haka ya biya da tsada. Mutumin da kakanninsa suka sari dajin bai shiga ko ɗaya daga cikin rukunan biyu ba.

Nijeriya ta bi wannan salo da dokar kare namun daji ta 1916, shekara biyu bayan haɗe Kudu da Arewa. Dokar ta kasa dabbobi kashi-kashi, wasu an hana taɓa su, wasu sai da izini na musamman, ta kuma bambanta lasin Bature mazauni da na baƙo mai ziyara. Talakan ƙauye an bar shi da ƙananan namun da ba a kare ba, ƙarƙashin idon En'e. Ba a hana shi zomo da gafiya da zabon daji ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne babban nama, wanda a cikinsa ne kuɗi da suna suke. Maharbin da ya gaji harbin giwa da sango ya wayi gari sana'ar gidansu ta zama laifi, alhali Baturen da ya zo hutun wata biyu zai kashe giwar da takarda a aljihu. A ganina nan ne asalin rashin jituwar da ke tsakanin maharbi da ma'aikacin gandun daji. Maharbi bai taɓa kallon lasin a matsayin abin da ke kare daji ba. Ya san shi ne a matsayin abin da ya raba shi da daji.

Bayan yarjejeniyar Landan ta biyu a 1933, hankali ya koma kan keɓe gandu. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, sannan Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963. Jihohin da aka ƙirƙiro daga 1967 su suka gaji wannan doka, kuma har yau ba da lasin farauta aikin jiha ne. Gwamnatin tarayya ta shigo da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 domin tarar da ke cikinta ta zama abin dariya saboda faɗuwar naira.

4.0 Ɓangaren Faransa: Nijar da Gabon

Faransa ta tattara dokokinta wuri guda a watan Nuwamba 1947, ta yi doka ɗaya ga ƙasashen Afirka da take mulka. An raba izini bisa girman nama, daga ƙaramar farauta zuwa babba, aka kuma raba masu nema zuwa mazauna da masu wucewa. Ɗan ƙasa an bar masa abin da suka kira haƙƙin al'ada, wato ya yi farautar ci da makaman gargajiya. Wannan ƙashin bayan yana nan a dokar farauta ta Nijar ta 1998 da dokar gandun daji ta Gabon ta 2001. Abin da 'yancin kai ya sauya shi ne jerin rukunan: ɗan ƙasa ya hau sama yana biyan mafi ƙaranci, sai baƙo mazauni, sai ɗan yawon buɗe ido. Saboda haka Bakanon da ya shekara talatin yana kasuwanci a unguwar Alibandeng ta Libreville, idan bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, yana rukunin da aka ƙirƙira wa Bature ne a da.

Akwai abin lura game da Hausawa a wannan yanki. Fatake sun bi ta Adamawa da Ngaundere suka gangara kurmi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma hauren giwa na cikin manyan hajojin da suka kai su. Zuriyarsu na nan a arewacin Gabon, a garuruwa irin su Bitam da Oyem. Hajar da ta buɗe musu hanya ita ce yau ake ɗaure mutum a kanta. Gabon ta dakatar da babbar farauta a 1981, ta kafa gandun daji na ƙasa 13 a 2002, ta kuma ƙona tarin hauren da ta ƙwace a 2012. Duk da haka, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna gandun Minkebe kaɗai ya rasa giwaye fiye da 25,000 tsakanin 2004 da 2014. Babu lasin kashe giwa ko ɗaya da aka sayar a waɗannan shekaru, na mazauni ko na baƙo. Rufe ƙofar izini bai hana kisa ba, domin ba masu neman izini ne ke kisan ba.

A Nijar kuwa matsalar ta zo ta ɗaya gefen. Manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa sun riƙa shiga sahara da jerin motoci da shahuna suna farautar tuje da barewa, da yardar hukuma. A nan baƙo ya biya, amma abin da ya kwasa ya fi ƙarfin dajin. Inda aka ga ci gaba shi ne inda babu harbi sam: raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yanzu sun haura 600.

5.0 Ina Kuɗin ke Zuwa?

Tsawwala wa baƙo ba halin mulkin mallaka ba ne kawai. A jihar Montana ta Amurka, a 1976, mazauni na biyan dala 9 ya harbi wani babban gwanki mai rassan ƙaho da suke da shi, ko dala 30 idan ya haɗa da sauran namun daji, baƙo daga wata jiha kuwa dole ya biya dala 225. Aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1978 cewa jiha na da ikon yin haka, domin farautar nishaɗi ba ta cikin haƙƙoƙin da dole a daidaita kowa a kansu. Amma akwai sharaɗin da ya ba wannan tsada ma'ana. Tun 1937 dokar tarayya ta ce jihar da ke son kasonta na harajin bindiga da harsashi ba za ta karkatar da kuɗin lasin zuwa wani aiki ba, sai kula da namun daji. Zimbabwe ta bi wata hanya daga 1989, Namibiya daga 1996, inda wani kaso na kuɗin baƙo ke komawa ga ƙauyukan da giwa ke cinye wa gona. Kenya ta soke farautar gaba ɗaya a 1977.

Mu a nan ba mu ɗauki ko ɗaya ba. Baƙon da zai biya dala ba ya zuwa, domin babban naman ya ƙare a wajen gandu, giwayen Yankari ma ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Ɗan abin da mazauni zai biya kuwa bai isa ya sayi takalmin mai gadin daji ba. Gandun da aka keɓe, irin su Sambisa da Kamuku da Falgore, sun fi yin suna da 'yan bindiga a kan namun daji.

6.0 Baƙo a Cikin Ƙasarsa

Ɗalibai kan haɗa lasin farauta da lasin bindiga, alhali abubuwa biyu ne. Na farko na ma'aikatar da ke kula da gandun daji ne a jiha. Na biyu yana ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, wadda ta bar sha'anin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Tun da daji ya yi ƙaranci a Arewa, mafarautan Kano da Jigawa da Katsina kan tafi kurmin Kudu su yi watanni, su dawo gida idan Salla ta gabato ko damina ta faɗi. Da zarar sun tsallake iyakar jiharsu sun zama baƙi, kuma babu wani tsari sananne da ke nuna wa mai tsaron hanya a Edo ko Ribas yadda zai tantance takardar da aka buga a Kano. Ga shi kuma hukuma kanta na dogaro da su idan ta matsu, kamar yadda maharba suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba 2014.

A ƙarshen watan Maris 2025, 'yan banga a garin Uromi na jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga jihar Ribas, suka ga bindigogin toka, aka yi kururuwar masu satar mutane ne. An kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta zuwa gida yin Ƙaramar Salla, da yawansu daga ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Waɗanda suka tsira da shugabannin mafarauta sun ce mutanen na ɗauke da takardunsu. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya bayan 'yan kwanaki, ya kuma yi alkawarin biyan diyya da hukunta masu laifi.