Gudun Daji a Arewa: Daga Sawun Zomo Zuwa Kuros

Da asubar watan Janairu, kafin rana ta fasa hazo, dutsen da ya ba Dogondutsi sunansa ba ya bayyana sai mutum ya matso kusa. Iskar hunturu tana kaɗowa daga gabas, leɓe yana tsagewa, diddige yana faso, tsofaffi sun zagaye wutar kara a ƙofar gida. A irin wannan lokaci ne, tun kaka da kakanni, samarin ƙasar Arewa ta Nijar suke yin gudu mafi tsawo da suke yi a shekara. Zomo ne ke zaɓar hanya, karnuka suna biye da shi, mutane suna biye da karnuka.

Ƙasar kanta ita ta tsara wa wannan gudu wahalarsa. Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Ya gangaro daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogondutsi da Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, har ya haɗu da Dallol Foga kafin su isa kogin Kwara a wajen Gaya. A cikin kwarin akwai rairayi mai nutsar da ƙafa, da fadama inda ruwa yake kusa, da gawo da goriba. A gefensa kuwa tudu ne na marmara da tsakuwa, geza da sabara sun rufe shi, ruwan damina ya tsattsaga shi da kwazazzabai. Mai gudu yana iya taka rairayi, ya taka fako, ya haura dutse da hannu da ƙafa, duk kafin numfashinsa ya daidaita. Taɓo kuma bai ƙare da damina ba. A watannin ɗari tafkuna suna janyewa sannu a hankali, suna barin laka mai santsi a bakinsu, samanta ya bushe ya tsage, ƙarƙashinta ɗanye. Wanda bai san ta ba sai ya ji ta ƙwace masa takalmi.

Tarihin Arewa ya faro ne da mutanen daji. Labarin baka yana cewa kafin a yi sarautar Sarkin Arewa, Gubawa ne ke zaune a wurin, manoma kuma maharba, masu riƙe da amanar ƙasa da ta iskokinta. Sarauniya tana Lugu da dutsenta Tunguma, wanda ake kai wa shari'a. Baura, wani shugabansu, yana Bagaji. Daga baya wani ɗan sarki daga Borno, Ari, ya sauka a ƙasar, ya yi aure cikin masu ita, aka haifi Akazama, wanda Arawa suke ƙirga sarautarsu daga gare shi. Bafaranshen nan mai nazarin al'umma, Marc-Henri Piault, ya tattara waɗannan labarai a littafinsa na tarihin Mawri, wato Arawa, da ya fito a 1970, ya nuna yadda iko ya rabu biyu: sarauta da yaƙi a hannun zuriyar Ari, ƙasa da daji a hannun waɗanda suka riga su.

Wannan rabo yana da tasiri a kan farauta. A tunanin Azna, masu bin addinin gargajiya, daji yana da masu shi, ba a faɗa masa da ka. Sai an gama girbi, an shigar da damman hatsi rumbu, masu tsafi sun yi abin da suke yi, sannan a ba jama'a izini. Bikin da ake kira buɗin daji, wanda ya yi suna a Masallata kusa da Birnin Ƙonni da kuma ƙasar Gobir, daga wannan tunani ya fito. Ko an ajiye maganar iskoki a gefe, hikimar tsarin a fili take: ba wanda zai tattake gonar wani da karnuka alhali amfani yana tsaye, ciyawa ta bushe ana ganin nesa, sanyi kuma yana ba mutum da kare damar yin gudun da ba za su iya ba a watan Afrilu.

Farauta iri biyu ce. Akwai ta maharbi, mai kwari da baka, wanda ya gaji sana'ar da asirinta. Shi ba ya gudu. Sanɗa yake yi, ya yi kwanto a mashaya, ya bi sawun barewa wuni guda shi kaɗai. Akwai kuma farautar gayya, ta samari da magidanta, wadda ake shela dominta, ƙauyuka su haɗu a wurin da aka ajiye. Ita ce gasar ƙafa.

Kayanta kaɗan ne: gora ko kere a hannu, wuƙa a ƙugu, gorar ruwa a kafaɗa, kare a igiya. A da takalmin fata ake sawa, daga baya na tayar mota ya maye gurbinsa, don tsidau da ƙarangiya ba sa tausayin tafin ƙafa. Mutane sukan jeru su bazu, suna tafe suna bugun sabara da sanda, makaɗi yana zuga su da kirari. Can sai zomo ya zabura daga ƙarƙashin ƙafar wani. Ihu ya tashi, a saki karnuka, kere ya yi ta shawagi a iska, kowa ya zuba a guje. Zomo ba ya miƙewa. Yana kwana hagu, ya kwana dama, in ya sami tudu ya haura, domin dogayen ƙafafunsa na baya sun fi yi masa aiki a hawa. Wanda ya saba ba ya bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya, yanke yake yi ya tare shi a inda ya san zai ɓullo. Zabon daji da fakara kuwa wata dabara ce: ba sa dogon tashi, don haka a tayar da su, a bi su da gudu inda suka sauka, a sake tayar da su, har fiffike ya gaza a kama su da hannu. Bahaushe da ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, abin da ya gani da ido ya faɗa.

Isa wurin naman ma ba shi ne ƙarshen zance ba. Wane ya fara jifa? Karen wa ya kama? A nan ake jayayya, a nan 'yan tauri suke nuna kansu, sau da yawa kuma a nan ake fasa kai a kan abin da bai cika tukunya ba. Wannan aibi ne na gaske a al'adar, dattawa ma sun sha yin tir da shi. Amma yana nuna cewa ba naman kaɗai ake bi ba. Suna ake nema, sunan wanda ya riga kowa isa.

Sanin daji da ƙarfin ƙafa sun yi wa Arewa rana a lokacin yaƙi. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Samna Karhe na Tibiri (Tibirin Arewa, ba na Gobir ba) ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yi tsayin daka ga Gwandu, 'yan baka masu tafiya a ƙasa suna cikin ƙarfin rundunonin yankin. A watan Afrilun 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya zo yana ƙone garuruwa, ya auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya Mangu suka ja da baya cikin kurmi mai ƙaya, suka yi ta ruwan kibau daga ciki. Ayarin ya ƙone harsashi kusan 7,000, an kashe masa mutum 4, an raunata 6. Ya ci garin, amma bai kama Sarauniya ba, don ita da jama'arta sun shige dajin da suka fi baƙin sani.

A can Ingila kuma, shekaru da dama kafin wannan, yaran makaranta sun mayar da irin wannan gudu wasa. A makarantar Shrewsbury akwai littattafan da ke ɗauke da labarinsa tun 1831. Yara biyu su yi gaba a matsayin abin farauta, suna watsa yagaggun takardu a bayansu a madadin ƙanshin sawu, sauran su biyo su a matsayin karnuka, ta gonaki da shingaye da ramukan taɓo, cikin sanyin hunturun Turai. Zomo da karnuka, haka aka riƙa kiran wasan a makarantu da yawa. A 1868 manya suka kafa ƙungiyarsa a gefen Landan. A 1876 aka shirya gasar ƙasa ta farko a dajin Epping, masu gudu 32 duka suka ɓace hanya, aka soke tseren. Su takarda suke bi, ba dajin suka sani ba.

Daga nan abin ya bazu. An yi gasar ƙasashe ta farko a Hamilton Park da ke Sikotland a 1903. An shigar da shi wasannin Olamfik a 1912, amma a Paris a 1924 aka yi kuskuren yin sa cikin tsananin zafin watan Yuli: mutum 38 suka tashi, 15 kacal suka ƙarasa, Paavo Nurmi na Finland a gabansu. Tun daga ranar aka cire shi daga Olamfik, ya koma lokacinsa na sanyi. Faransawa sun rungume shi sosai, kuma 'yan Afirka ta Arewa ne suka fi ɗaga musu tuta. Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya, ya ci gasar ƙasashe sau huɗu tsakanin 1949 da 1956. A 1960 Rhadi Ben Abdesselam ya ci ta da sunan Maroko, a shekarar da ya zo na biyu bayan Abebe Bikila a dogon gudun Roma.

Ta hannun Faransawan ne wasan ya iso Nijar, ta bariki da lakwal, da sunan da ya zauna a bakin mutane: kuros. A Dogondutsi, inda Turawa suka dawo da mazaunin mulki daga Matankari a 1906, jikokin masu bin zomo suka riƙa jeruwa a bayan layi suna jiran usur ɗin malami. Gudun da kakanninsu suke yi don tukunya da suna ya dawo musu daga Turai da agogo da takardar maki.

Ita kuwa farautar sai ta yi ta ja da baya. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun ƙarar da namun daji da yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haura tudu suka cinye saurukan da barewa take kiwo. Gwamnati ta rufe farauta a shekarun 1970, daga baya aka kafa dokar 29 ga Afrilun 1998 mai tsara ta da kare namun daji, ma'aikatan gandun daji suna sa ido. Malamai sun yi wa'azi a kan tsafin da ke tare da ita, cin rani kuma ya kwashe samari zuwa Yamai da Najeriya da bakin teku daidai watannin da ake fita. Dokar tana da hujja, don dajin da ya rage ba zai ɗauki gayyar da ake yi a da ba.

Abin takaicin shi ne gudun ya tafi tare da naman. Kokowa ma wasan bayan girbi ce a dandalin ƙauye, amma a 1975 aka ɗauke ta aka yi mata gasar ƙasa a Tawa, aka sa takobi, har ta zama abin da dukan Nijar ke kasa kunne a kansa duk lokacin ɗari. Gudun daji bai sami wanda ya yi masa wannan gata ba. Gaskiya ne Arewa ba ta da tsayin tsaunukan Kenya da Habasha, inda ƙarancin iska ya taimaka wajen ƙera irin su John Ngugi da Paul Tergat, masu kambin duniya biyar biyar, da Kenenisa Bekele. Sai dai maƙwabciya Najeriya ta nuna cewa tudu kaɗai yana iya tara jama'a, tun da ta fara tseren dutsen Obudu a 2005. A gasar duniya ta 2019 a Aarhus ta ƙasar Denmark kuwa, sai da masu shiri suka tanadi ramin taɓo da wurin rairayi da kududdufi da hannunsu, suka kuma sa 'yan gudu haura rufin wani gidan tarihi mai gangare don a sami tudu.

A Dogondutsi duk waɗannan suna nan a shimfiɗe, ba wanda ya kashe dala a kansu. Daga lakar bakin Tapkin Saw, inda masu lambu suke jan ruwa da sassafe, a ratsa rairayin kwari, a nufi gindin dutsen Tozon Bijini, a haura ta tsakuwa. Har yanzu idan an kwashe hatsi, yara sukan bi irin wannan hanya da kare ɗaya ramamme da sandunan sabara, ƙafafunsu fari fat da ƙura, suna bin zomon da ya tashi daga kan iyakar gona.